Kafin a canza sikirin, a binciki kanel

Kwanakin baya na sabunta Linux, tsarin aikin wata tsohuwar laftof da nake rubutu da ita, washegari sai haruffa suka fara tsintsinkewa, wasu ƙananan murabba'ai kore da shunayya suna fitowa duk inda na ja taga, kamar an watsa wa hoto tsakuwa. Mai gyaran da na kai wa bai yi minti biyu yana dubawa ba ya ce, "Malam, sikirin ne ya tafi, sai dai a sa sabo." Ban ga laifinsa ba, domin abin da ido ya nuna masa ke nan. Da na koma gida na ɗauki hoton sikirin daga cikin kwamfutar kanta, na tura shi waya, sai ga murabba'an nan a ciki. Lalacewar gilashi ba ta shiga irin wannan hoto, saboda haka ɓarnar ta auku ne tun a cikin RAM, ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Na tayar da kwamfutar da tsohon kanel, wato zuciyar tsarin aiki, komai ya koma daidai.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke saurin ɗora laifi a inda alama ta fito, alhali ciwon yana wani wuri. A yawancin laftof, na'urar zana hoto ba ta da ma'adanar kanta, RAM ɗaya take ci tare da furosesa, kuma kanel shi ne ke raba musu ita shafi-shafi, kowane shafi kilobayit 4. Idan masu kula da wannan rabo suka sauya wurin da ake ɗebo shafukan, ko suka sauya ƙa'idar lokacin da rubutun furosesa ke isa cikin RAM, sai na'urar ta karanta tsohon abu ko rabin sabo, ta zana shi yadda ta same shi. Direban hoton, wato manhajar da ke sarrafa na'urar zana hoto, bai canza ko layi ɗaya ba, amma shi za a zaga.

Wanda ya karanta lambar Linux, wato rubutun umarnin da aka gina shi da shi, zai ga tabon irin wannan wahala a fili. Direban i915, na na'urorin hoton Intel, yana hana a ba tsohuwar na'urar Intel 965GM shafukan da ke sama da gigabayit 4, domin ba ta iya aiki da su. Kanel yana keɓe wasu 'yan shafuka gaba ɗaya a kwamfutoci masu furosesan Intel samfurin Sandy Bridge, waɗanda suka fito a 2011, saboda sashen hotonsu yana tuntuɓe a kansu. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne wasu tsofaffin na'urori da jerin ɗigon hotonsu ya dogara da bit 17, ɗaya daga cikin sifili ko ɗayan da ke haɗuwa su zama adireshin shafi a RAM: idan aka kwashe shafin zuwa faifai, aka dawo da shi wani adireshi dabam, hoton zai hargitse sai direba ya tuna inda yake a da ya sake jera shi. Duk wani gyara a sashen ma'adana yana iya taka ɗaya daga cikin waɗannan ba da sani ba, kuma sau da yawa dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, ba ya nuna komai, tunda a wurin kanel babu abin da ya faɗi.

A nan ne nake saɓa wa masu ba da shawarar a saka nomodeset, wani zaɓi da ake ba kanel lokacin tayar da kwamfuta, a huta. Wannan kashe direban ne ɗungurungum, an ɓoye alamar an bar cutar ga na baya. Zaɓuɓɓuka irin su nopat da intel_iommu=igfx_off suna da amfani a matsayin gwaji, domin suna nuna ɓangaren da za a tuhuma, amma hanyar da ke kama mai laifi da sunansa ita ce git bisect, wato raba jerin sauye-sauye biyu-biyu har a gano wanda ya kawo matsala. Kowane sabon Linux, da ke fitowa bayan mako tara ko goma, yana ɗauke da sauye-sauye fiye da 10,000, sai dai idan ana raba su biyu ana gwadawa, gina kanel a gwada kamar sau 14 ya isa a tsaya a kan guda ɗaya. Aiki ne mai cin lokaci da wutar lantarki, musamman a tsohuwar kwamfuta, kuma idan matsalar ba kullum take fitowa ba, gaggawar cewa wani gini lafiyarsa ƙalau tana ɓatar da binciken baki ɗaya.

Duk da haka ina ganin ya cancanci a yi. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya daɗe a kan ƙa'idar cewa abin da yake aiki jiya bai kamata sabon kanel ya karya shi ba, kuma sauyin da aka tabbatar ya jawo haka ana gyara shi ko a janye shi. Masu rubuta lambar ba lallai ne suna da na'ura mai shekara 15 a gabansu ba. Tana hannunmu, mu da muke sayen na hannu muna lallaɓa su. Rahoton da ya ƙunshi sunan na'urar, kanel na ƙarshe mai kyau, na farko mai matsala, da hoton ɓarnar, mu kaɗai ne za mu iya aika shi.