Biyowa Daban, Haddasawa Daban

A Kaduna, da zarar mangwaro ya cika tirorin masu talla daga Kawo zuwa Tudun Wada, yara kuma suka fara kwanciya da zazzaɓi, sai a ce mangwaron ne ya kawo shi, kuma wannan magana ta daɗe tana damuna. Masu faɗin haka ba su yi ƙarya ba game da abin da suka gani, domin yaro ya sha mangwaro, bayan kwana biyu jikinsa ya yi zafi.

Sai dai abin da ido ya gani shi ne wani abu ya biyo bayan wani. Hukuncin cewa na farkon ne ya haifar da na biyun daga zuciyar mai kallo ya fito. Imam Gazali ya yi wannan bayani da misalin wuta da auduga, cewa ganin auduga ta ƙone bayan wuta ta taɓa ta bai isa hujjar cewa wutar ce ta ƙona ta ba, daga baya kuma David Hume, masanin falsafa ɗan Scotland, ya ce sabo ne yake sa zuciya ta ƙulla alaƙar.

Ƙarshen kakar mangwaro yakan zo daidai da faɗuwar damina, lokacin da ruwa ke kwanciya a kwatoci, sauro ya yawaita. Tun 1897 Ronald Ross, wani likita ɗan Birtaniya, ya gano ƙwayar maleriya a cikin sauro.