Sunan da ya yi miki daɗi, ya yi wa wasu ma

Wani labari da na karanta ya ce iyaye na neman sunan 'ya mace da ba a cika ji ba, amma suna fargabar ya yaɗu nan gaba. Ni dai a ganina wannan fargaba ba ta da magani. Ai ba ke kaɗai sunan ya burge ba, duk masu haihuwa a lokaci guda abu ɗaya suke kallo a waya. A Amurka gwamnati na fitar da jerin sunayen jarirai duk shekara: Jennifer ce kan gaba daga 1970 har 1984, Emma daga 2014 zuwa 2018, sai Olivia ta karɓe a 2019. Luna da a da ba a jin ɗuriyarta, a 2022 ta shiga goman farko.

Masu murɗa rubutun suna don ya fita daban su suka fi ba ni haushi. Yarinyar ce za ta yi ta gyara wa malamai da ma'aikatan fasfo har tsufanta. A duba ma'anarsa, a furta shi da ƙarfi a ji ko yana zama a baki, in ya so ya yaɗu daga baya.