Wai "asara" ce da Malama ba ta zama likita ba

Tun ranar Asabar maganar nan take cina a rai. Na so in yi shiru tunda taron farin ciki ne, kuma Malama, wadda ta koya mana aikin jinya, da kanta ta kama hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Ɗiyata, bari." To na bari har kwana uku, ita maganar ce ta ƙi barina. Waɗanda suka je walimar ritayarta sun san abin da nake nufi, waɗanda ba su je ba kuma na san bidiyon ya iso muku ta WhatsApp. Baiwar Allah ta yi shekara 35 tana yi wa jama'a hidima, aka tara mutane don a ce mata sannu da aiki, sai babban baƙo ya karɓi lasifika ya ce wai ƙwaƙwalwa irin ta Malama asara ce da ta ƙare a nas, da ta samu mai yi mata jagora da yanzu babbar likita ce. Kuma aka tafa. Wallahi tafin ya fi maganar ƙona min rai, domin da yawa daga cikin masu tafin ita ta koya musu yadda ake riƙe sirinji.

Asara fa ya ce. A gaban 'ya'yanta da jikokinta, a gaban 'yan mata masu fararen kaya da suka kwana suna shirya wurin.

An yi ta turo min saƙo wai in yi masa uzuri, yabo yake nufi. Na ji. Amma wane irin yabo ne za a ce wa manomi ranar girbi, kai da ka yi sa'a da ɗan kasuwa ka zama? In ka yabi mutum da abin da bai zama ba, ka raina abin da ya zama ke nan. Kuma ba shi kaɗai ba ne, abin da ke cikin zukatan mutanenmu da yawa ne ya fito ta bakinsa. A ganinsu nas ita ce yarinyar da makinta bai kai na likitanci ba, aka ce to je ki can ki rage zafi.

Bari in gaya muku asarar da Malama ta yi. Bayan shekara uku na karatun jinya ta koma ta yi na ungozoma, ta sake komawa ta yi na kiwon lafiyar al'umma, sannan ta yi na koyarwa. Da takardun nan za ta iya zama cikin gari ƙarƙashin fanka har ta yi ritaya. Ita ta zaɓi ƙauye, daga baya ta zaɓi aji, kuma ko da ta koma aji ba ta daina jan mu zuwa ƙauye ba. Duk wadda ta bi ta hannunta ta san tambayar nan tata. Za mu shiga gida mu gaisa, mu fito, kafin mu kai zaure ta juyo ta ce, "Mi kig gani?" In kika ce kin ga yaro mai zawo, sai ta ce shi ke nan? Ba ki ga randa a buɗe ba? Ba ki ga tazarar da ke tsakanin masai da rijiya ba? Ba ki ga gashin ƙanensa ya yi ja ya yi laushi ba? Ba ki ga uwar tana da ciki ga goyo, idonta fari fat ba? Ranar farko kuka na yi. Yau shekarata goma sha a bakin aiki, kuma ban taɓa shiga gida na fito ba tare da na ji muryarta tana tambayata ba.

Akwai ranar da ba na mantawa, a wani ƙauye ta wajen Gada. Mun je awon yara, ana jera su ana ɗaura musu ma'aunin damtse, wanda in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, ka san tamowa ta yi tsanani. Wata yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba tana maƙale da kakarta, ba ta cikin layi ma. Malama ta wuce ta gefensu, ta tsaya, ta dawo. Wari ta ji. Ta durƙusa ta buɗe bakin yarinyar, ga dasashi ya kumbura yana jini, ga ɗan gyambo a gefe, kuma kakar ta ce ba ta daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Nan take ta wanke bakin, ta fara ba ta magani, ta rubuta takarda, ta sa aka nemo mai unguwa ya lallashi uban. A hanyar dawowa ta ce mana abin da muka gani shi ne farkon cutar noma, wadda in aka bar ta cikin 'yan kwanaki take huda kunci ta cinye leɓe da hanci. Mu nan Sakkwato ba sai an ba mu labari ba, muna da asibiti sukutum na wannan cutar tun 1999, kuma sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Likitocin da ke gyaran fuska a can Allah Ya saka musu da alheri, aikinsu abin a jinjina ne. Sai dai su ana ɗaukar hoton aikinsu, ga fuska kafin tiyata ga ta bayan tiyata. Ita yarinyar Gada ba ta da hoto, saboda fuskarta ba ta lalace ba. Wa zai tafa wa abin da bai faru ba? Nan matsalar take. Aikin nas ɗin al'umma in ya yi kyau ba a ganin komai. Yaro bai yi ƙyanda ba, jariri bai yi sarƙe-haƙora ba, mai jego ba ta zubar da jini ba, unguwa ba ta yi amai da gudawa ba. Sai babban baƙo ya duba bai ga komai ba, ya ce asara.

Shin ya san abin da ake sha kafin ɗigo biyu na rigakafin shan inna su shiga bakin yaro da ƙarfinsu? Maganin rigakafi yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, a garin da zafin Afrilu ke haura 40. Malama ta koya mana duba ɗan tambarin da ke jikin kwalba, in murabba'in ciki ya yi duhu ya kamo da'irar da ke kewaye da shi, kwalbar ta mutu, a ajiye ta gefe ko da uwa ɗari suna jira. Ta koya mana kwalbar ƙyanda in aka haɗa ta, bayan awa shida sai zubarwa. Na taɓa ganin ta hana wata ɗaliba cin jarrabawar gwaji saboda ta bar akwatin sanyi a buɗe tana hira. Muka roƙa, ta ce allurar da ta lalace ta fi rashin allura muni, domin uwa za ta tafi gida da sakankancewa, yaron ya kamu, daga nan duk ƙauyen ba mai sake kawo ɗansa. Wannan ilimi ne ko ba ilimi ba ne?

Wani ya rubuta min wai ai duk da haka likita ya fi karatu. To wa ya yi musu? Ban zo faɗa da likitoci ba, da su muke kwana a ɗakin haihuwa, kuma na kirkin cikinsu su ne farkon masu cewa ba za su iya ba sai da mu. Aiki biyu ne daban, kowa da gonarsa. Jihar nan ƙananan hukumomi 23 ne, mazaɓu 244. Ku je Tangaza, ku je Gudu, ku je Kebbe, ku shiga asibitin sha-ka-tafi ƙarfe biyun dare ku ga wa zai buɗe muku ƙofa. In kun yi sa'a nas ce ko ungozoma ko jami'in lafiya na matakin farko. Waɗannan mutanen wani ne ya koyar da su. Da Malama ta zama likita da ta duba marasa lafiya a ɗaki guda, alheri ne babba. Da ta zama malamar jinya sai ta shiga ɗakuna ɗaruruwa, ta hannun ɗalibanta, har wuraren da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba. Ina asarar take?

Lokacin da jita-jitar allurar shan inna ta game Arewa tun daga 2003, su wa aka rufe wa ƙofa a fuska? Su wa aka zaga aka ce sun zo hana haihuwa? A Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, kuma bayan haka mata suka sake ɗaukar akwatunansu suka koma lungu. Sarakuna sun yi nasu ƙoƙarin ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, malamai sun yi nasu, amma wadda ta zauna kan tabarma da uwar gida tana amsa tambaya ɗaya sau goma ba tare da ta ɗaga murya ba, irin Malama ce da waɗanda ta horar. Ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ce Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, manya suka yi jawabi a talabijin. Malama ranar tana aji. Haka a 2017 da sanƙarau ya afka wa Zamfara da Sakkwato, ɗalibanta ne suka kwana a tantuna suna juya marasa lafiya. Haka da jihar nan ta fara raba man cibiya da ƙwayoyi ukun nan na tsayar da jini bayan haihuwa a 2013, sai da aka samu masu shiga gida-gida su shawo kan kakanni su bar gasa cibiya da tsumma da shafa mata abin da aka gada. Shawo kan kaka ɗaya kan jikanta, ku gwada ku gani in wasa ne.

Masu cewa to in kuna da ƙoƙari haka me ya sa binciken 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 3 cikin 100 kacal na yaran Sakkwato ne suka samu allurar Penta ta uku, wato rigakafin cututtuka biyar a haɗe, na gode da kuka kawo wannan, domin hujjata ce. Wannan adadin cewa yake irin su Malama sun yi mana kaɗan. Gari yana ƙishin masu wannan aiki, sannan a hau mumbari a gaya wa 'yan mata cewa mai ƙwaƙwalwa ba ta tsayawa a nan? Masu cewa nas-nas faɗa gare su, suna yi wa masu naƙuda tsawa, e akwai su, kuma Malama ta fi ku tsanar halin, ta sha korar ɗaliba daga ɗaki a kan kalma ɗaya. Amma wannan zancen wata rana ne, kada a fake da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki, a Sakkwato aka faɗi wannan magana. Garin Nana Asma'u, wadda ta naɗa jajis, wato jagororin mata masu koyarwa, ta ɗora musu malfa ta tura su ƙauyuka su koyar da mata a cikin gidajensu, har aka samu 'Yan Taru. Mace ta koyar da mace, ita kuma ta je ta koyar da wasu, mu muka gaji wannan tsarin tun kafin a gina makarantar jinya ko ɗaya a ƙasar nan. Kuma duk ɗan makarantar Islamiyya da ya karanta tarihi ya san Rufaida Al-Aslamiyya da tantinta a masallacin Madina, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da ya ji rauni a yaƙin Khandaƙ. Akwai wanda ya taɓa cewa Rufaida ta yi asara?

Ni abin da ke tsorata ni shi ne 'yan matan da ke tsaye a bayan ɗakin ranar. Na ga fuskokinsu. Dama ga albashi bai taka kara ya karya ba, ga aikin dare, ga tsoron hanya a gabashin jihar, ga 'yan uwansu suna turo hotuna daga Saudiyya da Ingila. Aikin koyarwa kuwa ba mai rububinsa. Su Malama suna ritaya ɗaya bayan ɗaya, wa zai tsaya a gaban allon? Kuma mu ne dai masu cewa matanmu ba za su haihu a hannun namiji ba. To in muna son mace ta karɓi haihuwar matanmu, sai mu daina nuna wa 'yarmu cewa jinya wurin waɗanda suka rasa ne. Uba ya kai 'yarsa makarantar jinya da alfahari, kada ya kai ta yana sunkuyar da kai.

Malama, na san za a karanta miki wannan kuma za ki ce na cika baki. Ki yafe ni. Ba ki yi asara ba, mu shaida ne, kuma Allah Ya sa abin da kika shuka ya tarbe ki a mizani. Ya ƙara lafiya, Ya sa a huta lafiya.

Af, 'yan ajinmu, jiya na bi ta ƙauyen nan da muka yi aikin wata shida. Kun tuna darbejiyar da muke rataya sikeli a reshenta, inda mata ke shimfiɗa tabarmi ranar awo? An sare ta. Wai za a yi shaguna. Yanzu a rana suke layi da goyo, tun ƙarfe tara ƙasa ta ɗau zafi, wasu sai su juya gida. Na yi magana da mai gari ya ce in an kawo dashe zai sa yara su riƙa ba shi ruwa. Wa ke da hanyar samun irin darbejiya ko guda goma kafin damina ta faɗi? A yi min magana ta akwati.