Wai ba abin da ke faruwa a fim ɗin?

Tun da aka saki kashin wannan makon nake ta cin karo da ƙorafin mutane a Facebook da guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp, wai fim ɗin ya cika sanyi, wai mutum ya zauna kusan awa guda cur ba abin da ya faru, wani ma cewa ya yi a biya shi datarsa. Na yi ta dannewa amma abin ya ƙi barina, don haka yau sai na faɗi nawa, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri. Ba zan kama sunan fim ɗin ba don kar a ce biyana aka yi in yi talla, masu kallo dai sun san wanda nake nufi, mai dogon zangon nan na mutumin da ya dawo gida daga kudu bayan an ƙwace mishi babur.

Ni dai a wajena abubuwa suna faruwa a fim ɗin nan fiye da waɗanda ake kwasar mari sau biyar a kashi ɗaya. Matsalar ita ce a cikin zuciyar mutanen suke faruwa, kuma sai ka ajiye ɗaya wayar ka kalli fuskokinsu sannan za ka gani.

Ku ɗauki sin ɗin cin abincin nan da ake ta zagi. Mutumin ya dawo, ya ce wa kowa ganin gida ya zo, kwana biyu zai koma. Sati ya wuce, wata ya wuce, bai koma ba. Babansa tsohon malamin firamare ne mai jiran fansho, bai taɓa buɗe baki ya ce yaushe za ka koma ba. Suna zaune a tabarma kwano ɗaya, ba wanda ke magana, sai ƙarar cokalin miya da kukan akuya daga bayan gida. Tsoka ɗaya ce a cikin miyar, tsohon ya sa yatsa ya tura ta gefen ɗan, ɗan ya mayar, tsohon ya sake turawa bai ko ɗago kai ba. Can sai ya ce, ɗakin nan na kusa da zaure yana yoyo, ya kamata a gyara shi kafin damina ko mutum zai zauna a ciki. Shi kenan maganar da aka yi. Ɗan ya tsaya da loma a hannu. Dan Allah wanda ya taso a gidan Bahaushe ya gaya min, me tsohon nan ya ce? Ya ce na sani, na san ba inda za ka koma, ga ɗaki, ba sai ka yi min bayani ba, ban kuma tona maka asiri ba. Haka iyayenmu suke magana. Wani uban har ya koma ga Allah ba zai ce maka yana tausayinka ba, sai dai ka ga ya tura maka nama. To wannan ne wasu suka yi fowadin ɗinsa suka zo kwament suna cewa minti shida ana cin tuwo.

Ga kuma na Inna, wanda ni ya fi taɓa ni. Da asuba ta kwance habar zaninta ta ƙirga 'yan canjin da ta samu na ƙuli-ƙuli, ta shiga a hankali ta zura a aljihun rigar ɗan nata da ke rataye a ƙusa, don da safe ya ciro ya ba matarsa kuɗin cefane kamar daga gare shi suka fito. Matar tana tsakar gida tana alwala, ta gani. Da safe ya miƙa mata, ta durƙusa ta karɓa ta ce Allah ya ƙara buɗi. Mutum uku, kowa ya san gaskiya, kowa yana rufa wa ɗan uwansa asiri. Da a wani fim ne da tuni matar ta riƙe ƙugu ta tara mishi unguwa tana kiransa matsiyaci, an sa kiɗa mai razanarwa, mu kuma mu ce yauwa yanzu labari ya fara.

Abin da ya fi ba ni mamaki, yawancin masu wannan ƙorafin da na sani mu ne 'yan Legas, alhali labarinmu ake bayarwa. Wa ya manta 1 ga Yunin 2022, lokacin da gwamnatin jihar nan ta hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland? Wa bai ga hotunan baburan da aka tara ana murƙushewa ba? Yara nawa muka raka tasha a Agege da 'yar jakar Ghana-must-go, suna cewa za su je su ga gida su dawo, har yau ba mu sake ganinsu ba? Kowannenmu ya san yadda ake ɗaukar waya a kira gida a ce lafiya lau Alhamdulillahi kasuwa sai godiya, alhali ranar ko kuɗin danfo sai da aka ranta. Su ma can haka suke ce mana lafiya lau, ga maganin hawan jinin tsohuwa ya ƙare tun shekaranjiya. Fim ɗin nan a kan wannan lafiya lau ɗin aka gina shi gaba ɗaya, kuma irin wannan abin ba ya faɗuwa da gudu.

Wajen mai shayin layinmu ake kunna shi da daddare idan an samu wuta, in babu a haɗa kai a kan wayar mutum ɗaya. Akwai wani yaro da ke tura baro a kasuwar Mile 12, da can acaba yake yi. Duk surutun da ake yi ana cewa a tura gaba a tura gaba, shi bai ce uffan ba, shayinsa ya huce a gabansa. Da aka zo wajen aljihun nan sai ya miƙe ya ce bari ya je ya kira gida. Ban tambaye shi komai ba, ba kuma na buƙatar tambaya.

Yanzu fa kar a ce ina kare duk wani fim mai jan ƙafa. Wallahi akwai jan rai a finafinanmu masu dogon zango, kuma ni ma yana ƙona min rai. Mota za ta taho tun daga bakin titi, a nuno ta tana kwana, a yi hon, maigadi ya fito da gudu ya buɗe get, mota ta shiga, a yi fakin, a buɗe ƙofa, a nuno takalmi, a nuno agogo, Alhaji ya fito ya gyara babbar riga ya taka har falo. Minti uku sun tafi ba abin da ka ƙaru da shi game da Alhajin sai cewa yana da mota. Sannan a farkon kashi a maimaita maka na makon jiya, a tsakiya jaruma ta zauna bakin gado ta tuno abin da ka gama kallo yanzun nan, a sake nuno maka shi da launin toka-toka. Kowa ya san dalili. Yawancin finafinan nan a YouTube suke cin abinci, kuɗin daga talla yake zuwa, bidiyon da ya kai minti 8 ana iya cusa mishi talla a tsakiya, in ya fi tsayi tallan ya fi yawa, ga kuma tallan masu maganin gargajiya da masu atamfa da furodusa ya karɓo da kansa. Labarin da zai ƙare a kashi 20 sai a ja shi zango bayan zango tunda yana kawowa. Mai kallo kuma shi ke biya. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100, kowa ya ji a jikinsa, ga kuɗin cajin waya a shago in nefa ta yi halinta. Don haka wanda ya ce a daina ɓata mishi data ban ga laifinsa ba ko kaɗan, haƙƙinsa yake nema.

Amma ai ana bambancewa. Ga yadda ni nake gwadawa: ka cire sin ɗin a ranka ka ga ko labarin ya rage wani abu. Cire shigar motar Alhaji, ba abin da ya ragu. Cire cin tuwon nan, to ba ka san waye uban ba, ba ka san me ya sa daga baya ɗan ya kasa kallon idonsa ranar da kawunsu ya zo da maganar sayar da gona ba. Duk nauyin rigimar gonar a kan wancan shirun yake zaune. Ganda ba a dafa ta kamar indomi, in ka sauke da wuri kai ne za ka sha wahalar tauna.

Kuma wannan salon ba baƙo ba ne a wajenmu, mantawa muka yi. Waɗanda suka taso da wasannin gidan talabijin na Kaduna sun san marigayi Kasimu Yero da ya rasu a 2017, da marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, da ya rasu a 2023. Me ya sa har yau ake tuna su? Ba don wani abin tashin hankali da ya faru a kashi kaza ba ne, yawancinmu ba za mu iya kawo labarin kashi ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Mutanen muke tunawa, yadda suke magana, yadda suke fushi, har kana iya cewa ga abin da wane zai faɗa kafin ya buɗe baki. A nan Legas ɗin ma Village Headmaster ya yi ta tafiya daga 1968 har 1988, shekara 20 ana kallon mutanen ƙauye ɗaya, dattawan Yarbawan da muke zaune da su har gobe suna kiran sunayen mutanen ciki kamar maƙwabtansu. Da Arewa24 ta zo a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, mutanen gari ɗaya ne da 'yan matsalolinsu na yau da gobe, kuma a nan Legas aka ba shi kyautar finafinan Afirka ta AMVCA a 2016. Ashe dai mun iya zama mu saba da mutanen fim sannu a hankali. TikTok ne ya zo ya koya wa babban yatsanmu rashin haƙuri, in abu bai fashe a sakan goma ba an wuce, har karatun malamai yanzu a gudu biyu wasu ke saurare.

Na kuma san Legas tana da nata laifin. Ka fito tun kafin asuba don ka riga gosulo, ka wuni kana ciniki da ihu, kwandasta ya zage ka ka rama, ka dawo bayan isha jiki duk ya mutu. A wannan halin abin da rai ke so shi ne wanda zai sa ka dariya ko ya tayar maka da tsikar jiki nan take. Na fahimci wannan sosai. Shawarata kawai, in ka gaji kar ka kunna shi, ka bar shi sai ranar Lahadi da hantsi ko bayan sallar Juma'a in kana samun sarari, ka kalla a natse. Kallonsa a cikin danfo da iyafis a kunne ɗaya ana rangaji a ramukan titi, wallahi zaluntar kanka ne da zaluntar masu aikin.

Wani ƙorafin da na gani shi ne wai jarumin ba shi da zuciya, kullum kai a sunkuye, me ya sa ba zai tashi ya nema ba. Mai ɗakina ce ta ba da amsar da ta fi tawa, ta ce duk macen da ta taɓa zama da namijin da samu ya yanke mishi ta san wannan sunkuyar da kan, ta san yadda yake fita da safe kamar mai zuwa wani waje alhali gindin bishiya zai je ya zauna har azahar. Ta ce ita matar cikin fim ɗin take kallo, yadda take rage wa kanta abinci ta ce ta ƙoshi, kuma an bar ta mutum ce, wani lokaci ta yi haƙuri wani lokaci ta shiga ɗaki ta yi kuka ta fito da fushi ta sauke a kan yara. Ba a mai da ita waliyyiya ba, ba a kuma mai da ita muguwa ba. Haka kawun ma. Mutane suna jiran a nuno shi wajen boka don su samu wanda za su tsana, sai ga shi mutum ne mai 'ya'ya mata uku a gabansa da za a aurar, yana ganin sayar da gonar shi ne mafita ga kowa. Kana jin haushinsa kuma kana gane shi, wannan ne yake damun wasu, sun saba a nuna musu mugu tun a kashin farko da jar hula da dariyar ƙeta.

Tsorona ɗaya ne. Masu finafinan nan suna karanta kwament, kuma mun sha gani, fim ya faro da hankalinsa, a yi ta ihu ya yi sanyi, kawai zango na gaba sai ka ga an shigo da wata hamshaƙiyar Hajiya daga Abuja ta ce tana son jarumin, ko a wayi gari ashe ba ɗan gidan ba ne an canza shi a asibiti, ko a sace yaro a nemi kuɗin fansa. Daga nan mutanen da ka saba da su sun mutu ko da suna yawo a allo. Masu jin daɗin fim ɗin kuma ba sa rubutu, su kalla su yi shiru su kwanta, sai muryar masu ƙorafi kaɗai ke isa. Shi ya sa nake roƙon duk wanda abin nan ya taɓa shi ya daure ya rubuta ko layi ɗaya ne a ƙarƙashin bidiyon.

Darakta, in wannan ya iso gare ka, Allah ya saka da alheri, ga kuma nawa gyaran guda biyu. Kiɗan nan mai sarewa da kuke sawa duk lokacin da Inna ta fito ya yi yawa, fuskar baiwar Allahn nan ta isa, ku bar mu mu ji motsin gidan. Sannan maimaicin makon jiya ku rage shi zuwa minti ɗaya, datar talaka ce. Amma maganar gona kar ku yi mata gaggawa don mu, ku bar tsohon ya kai ga buɗe baki a lokacin da irinsa zai buɗe, ko da sai zango na gaba ne, ni dai ina nan ina jira.