Wata biyu ina yi wa kariya hidima

Kun san kariyar nan da ke fitowa cikin duwatsu, mai gindi kamar tulu, wadda ke yin jan fure a tsakiyar rani ko ganye babu. Na gan ta a hanyar Mirya, ta shiga raina. Aka ce ƙahonta in ya bushe fashewa yake, iska ta kwashe irin, sai na ba autanmu dala arba'in ya je ya samo min. Ya dawo da wani farin gashi cikin leda. Na yanka bido, na zuba rairayi da kashin awaki, na binne.

Ba a yi sati ba ta tsiro. Afirilu ne fa, pampo sai ya ga dama yake kawo ruwa, amma kullum sai na ɗebi buta guda cikin na 'yan ga-ruwa na zuba mata. Gindi ya ƙi kumbura, ganye kuwa sai faɗi yake, kamar an barbaɗa masa toka. Na ce ƙarfin taki ne.

Ran wata Alhamis na fito da bidon ƙofar gida ina nuna wa 'yan fada, ana kan shayi na biyu, sai ga Goggo ta taso daga kasuwar Dole. Ta tsaya, ta sauke kayanta.

"Ɗan nan, wannan fa?"

"Fure ne, Goggo. Kariya."

Ta tsinki ganye ɗaya, farin nono ya ɗigo mata a yatsa. Ta dube shi, ta dube ni, ta sake duban bidon.

"Kariya ko ƙarya? Tumfafiya ce wannan. Ruwan saye kake ba tumfafiya?"

Wallahi har yanzu ina jin yadda ta ja kalmar nan, tum-fa-fi-ya, kamar mai koya wa yaro karatu. Mai dafa shayi ya ƙware, wani ya kwanta kan tabarma yana dukan ƙasa. Ba ta bar ni haka ba, sai da ta yi min darasi: irin kariya dogo ne, gashi a kai biyu, na tumfafiya gefe guda. Sannan ta nuna juji da baki. Guda huɗu ne a tsaye can, kowacce ta fi tawa ƙiba, ba mai ba su ko ɗigo.

Ni auta ma na yafe masa, yaro ne. Wanda ke ci min rai maƙwabcina ne, kun san shi, mai mashin ɗin nan da ba ya tashi sai an tura. Ƙauye ya girma, ya san abin tun yana ganye biyu. Wata biyu kullum da safe sai ya leƙo: "Malam, ya lambu?" Har shawara ya ba ni in ƙara taki. Kuma ina bin shi jaka biyu tun azumi.

Tana nan bayan ɗaki, na daina ba ta ruwa. Jiya na ga ta yi sabon ganye.