Gemun 'yan hoki da gemun namu

Duk wanda ya ce maka Bature ba ya camfi to bai taɓa zama Kanada tsakanin watan Afrilu da Yuni ba. Lokacin ne ake fafatawar neman kofin Stanley a gasar hoki ta ƙanƙara, wato NHL, kuma daga ranar da aka fara ɗan wasa ba zai ƙara ɗora reza a fuskarsa ba sai ranar da aka yi waje da kulob ɗinsu ko kuma suka ɗaga kofi. Kulob 16 ke shiga, zagaye huɗu ne, kowane zagaye sai ka doke abokin karawarka sau huɗu cikin wasa bakwai, kenan sai ka ci wasa 16 kafin ka taɓa kofin nan, abun yana cin wajen wata biyu. Wata biyu ba aski. Kuma fa ba 'yan wasan kaɗai ba, a nan Calgary in Flames, kulob ɗin garin, suka samu shiga za ka ga direban bas da ma'aikacin banki duk sun saki gemu, in ka tambaye su sai su ce ai al'ada ce. Ɗan dambenmu in ya ɗaura laya a damtse sunanta camfi, nasu kuwa al'ada. To madalla.

Asalin abun ana danganta shi da New York Islanders, waɗanda suka ci kofin sau huɗu a jere daga 1980 zuwa 1983 da su Ken Morrow da Butch Goring da Clark Gillies fuska duk gashi. Tunda aka ga masu gemu sun ci sai kowa ya ce lallai sirrin a gemun yake, alhali ɗaya kulob ɗin da ake dokewa a wasan ƙarshe su ma da gemunsu, amma wannan lissafin ba mai son ji.

Ni dai gaskiya abun yana burge ni, ba don camfin ba. Gemun nan kalanda ne. Kana kunna talabijin ka ga fuskar ɗan wasa ka san inda aka kwana, in ɗan tsiro ne to zagayen farko ake, in ya cika ya haɗe da saje ya sauko wuya ga tabon ɗinki a gira ga haƙoran gaba babu, to mutumin nan ya sha wuya ya kai Yuni. Kuma ba ruwan gemun da matsayinka, Sidney Crosby ya ci kofin sau uku da Pittsburgh, yana cikin manyan da aka taɓa yi a wasan, amma shekara da shekaru ana masa dariya saboda nasa ƙin fitowa yake, ɗan tsilli-tsilli nan da can da wani siririn gashin baki, haka nan ya haƙura ya bar shi tunda kowa ya bari. Wannan haɗin kan nake so, babba da yaro kowa ya yarda ya yi muni tare.

Sai kuma waɗanda suka mayar da abun sana'a. Joe Thornton da Brent Burns na San Jose Sharks, lokacin da suka kai wasan ƙarshe a 2016 gemunsu ya kusa ƙirji, na Thornton har da furfura ta ratsa tsakiya, wallahi in ka ɗora masa rawani ka sa shi a sahun gaba ranar Juma'a ba wanda zai tambaye shi daga ina. Pittsburgh ta doke su duk da haka, su kuma suka ƙi askewa suka ci gaba da abunsu. A watan Janairun 2018 a Toronto, ana fara wasa ko daƙiƙa biyar ba a yi ba Thornton ya kaure da dambe da Nazem Kadri, don a hoki ana dambe alƙalan wasa na tsaye suna kallo sai an kai ƙasa su raba, a cikin kokawar hannun Kadri ya cafko gemun ya tsige guntu guda, ga shi nan kwance baƙi a kan farar ƙanƙara, aka tsince aka kai benci. Kadri ya ce ba da gangan ya yi ba. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, amma Burns ko a jikinsa.

Kadrin nan Musulmi ne, asalin gidansu 'yan Labanan, an haife shi a garin London na jihar Ontario, kuma a 2022 ya ci kofin da Colorado Avalanche, shi ne Musulmi na farko da ya ci. A al'adarsu kowane ɗan wasa ana ba shi kofin ya wuni da shi, shi da ranarsa ta zo masallacin garinsu ya fara kai shi. Anan ne abun yake ɗan sosa min rai. Gashi ɗaya ne, fuska ɗaya ce, amma in a haɓar ɗan hoki ya fito jarumta ce har a buga a riga a sayar, in a haɓata ya fito ga sunana ga koren fasfo sai a ce malam ɗan zo gefe mu duba jakarka. Ba kullum ba, kuma ba kowa ba, akwai mutanen kirki da yawa a ƙasar nan, amma duk mai gemu cikinmu da yake bin filin jirgi ya san irin kallon da nake nufi. Watan Mayu ne kawai nake sajewa da gari, har wani abokin aiki ya taɓa tambayata wane kulob na bar wa nawa, na ce masa nawa ba ya jiran kaka.

Amma kafin mu fara kukan an zalunce mu bari mu juyo gida, don mu ma gwanaye ne wajen yi wa mutum hukunci da gashinsa. Ɗauki Jaromir Jagr, ɗan ƙasar Czech da ya ci kofi da Pittsburgh a 1991 da 1992, gaban kai a rage, baya kuwa suma ce baƙa mai lanƙwasa ta zubo daga ƙarƙashin hular kwano har kafaɗa. Askin nan ya zama tambarin wasan gaba ɗaya, har Patrick Kane ya dawo da shi a 2010 da Chicago ya ƙara da zane uku a gefen kai. Ko Mike Commodore da jar sumarsa da ta tashi tim lokacin da Carolina ta ci a 2006. Kafin su akwai Guy Lafleur na Montreal da yake gudu ba hula gashi na tashi a iska, don sai 1979 aka wajabta hular kwano ga sababbin 'yan wasa, tsofaffi aka ƙyale su, na ƙarshensu Craig MacTavish sai 1997 ya ajiye wasa da kansa a buɗe. Yanzu ka ce yaro ya shigo layinmu da askin Jagr. Kafin ya kai ƙofar gida an gama yanke masa hukunci, ɗan iska ne, ɗan shaye-shaye ne, ba za a ba shi mata ba, baffansa zai kira wanzami a zaunar da shi a dakali a yi masa tal-kwabo, in ma bai yi rashin sa'a wasu sun tare shi a titi da almakashi ba. Jagr ɗin nan kuwa mutum ne da aka san shi da naci wajen atisaye har cikin dare, ya haura shekara 50 yana buga wa Kladno kulob ɗin garinsu. Kuma abun dariyar kakanninmu sun yi zanko sun yi tukku, zankon nan da me ya bambanta da abun da yaran yanzu ke yi a shagon aski ake cewa sun kwaikwayi 'yan ƙwallo?

Su ma nan ɗin suna da irin baffannin namu. Lou Lamoriello, dattijon da ya riƙe New Jersey Devils shekaru masu yawa, doka ya kafa ba gemu ba doguwar suma a lokacin wasannin kaka, wato kafin a shiga neman kofi, ɗan wasa in aka sayo shi ranar da ya iso ranar zai nemi reza, komai sunansa. A 2015 kuma shugaban sashen wasanni na tashar NBC, Mark Lazarus, ya fito ya ce yana so 'yan wasa su daina barin gemun don masu kallo su riƙa gane fuskokinsu, aka yi masa ca, ba wanda ya aske. Shi Lamoriello daga baya ya koma Toronto da dokarsa, a 2018 kuma ya ɗauke ta ya kai Islanders, kulob ɗin da aka ce a can gemun ya samo asali. Sai dai ko shi, lokacin da yake riƙe da su, in aka shiga neman kofi ɗaga musu ƙafa yake.