"Wata tsohuwa ce ke zuwa coci da ita": jif ɗin da ta tsotse ni

Wallahi yau raina a ɓace yake kuma na gaji da haɗiye maganar nan, gara in amayar da ita kowa ya ji. Shekara biyu ke nan da na tattara ɗan abin da na tara, na haɗa da kuɗin adashin maman yara, na sayi wata jif ƙirar 2006 'yar Beljiyam, saboda hanyar ƙauyenmu in damina ta zauna ƙaramar mota ba ta shiga. Ba zan kama sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, ba zan kama sunan dillalin ba, shi ya san kansa, Allah kuma ya san shi. Sunan Beljiyam kawai muke kira, motar nan ko hanyar Beljiyam ba ta sani ba, daga Amurka ta fito kamar yawancin manyan motocin da muke hawa.

Ranar da na je gani an wanke ta tas, an shafe tayoyin da mai suna ƙyalli, ciki sai ƙamshi. Dillali yana buga bodi da tafin hannu yana cewa "Alhaji ka ji ƙarfe, wannan ba ta taɓa ko ƙwarzane ba, wata tsohuwa ce a can take zuwa coci da ita ran Lahadi ta dawo ta ajiye." Ni kuma da wautata na gyaɗa kai. Daga baya na gane duk motar da ke filin nan tsohuwar nan ce ta tuƙa ta, ban san coci nawa baiwar Allahn take zuwa ba.

Wata huɗu aka yi lafiya lau. A na biyar muna hanyar Zariya, mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan, da yara uku a baya da surukata a gaba, sai na ji motar ta yi wata irin fizga, inji yana ihu amma ƙafa ba ta tafiya, ka taka totur sai kace ka taka iska. Na gangara gefe. Rana tsaka, ga yara suna kuka, ga surukata tana ta salati tana kallona ta gefen ido, kallon da ya fi zagi ciwo. Da aka jawo ta gareji bakanike ya zaro sandar gwada man giya ya miƙo min a fuska, ya ce "Oga duba da idonka." Man da ya kamata ya zama ja garau ya koma wani abu mai kauri kamar kunun gyaɗa da aka ɗiga wa zoɓo. Ashe a cikin lagireto akwai wani ɗan bututu da man giya ke bi don ya huce, shi ne ya tsage daga ciki, ruwa ya shiga giyabos, man giya ya shiga ruwa, kuma giyabos na otomatik in ya sha ruwa to sai dai ka yi masa addu'a. Ya ce wannan ai sananniyar cuta ce a irin waɗannan motocin, duk wanda ya san kan su canja lagireto yake fara yi ko ya sa wa man giyar nasa abin hucewa daban a waje. To da ka sani me ya hana ka faɗa min ran da na kawo ta juyen baƙin mai? Ya ce ai ban tambaya ba. Haba bawan Allah, in na san abin da zan tambaya me zai kawo ni wurinka?

Giyabos na farko da muka samo bayan kwana uku ina zagaye Ƙofar Ruwa, sati shida ya yi ya fara tsallake giya. Na biyu shi ne a ciki yanzu, kullum in zan tayar sai na yi bismilla sau biyu.

Ba a gama da wannan ba sai ƙasa ta fara magana, gurum gurum in an shiga rami. Aka ɗora ta a kan rami, na sauka da kaina da fitilar waya. Jama'a abin da na gani, casis ɗin an fesa masa baƙin fenti mai kauri yana sheƙi, yaron gareji ya sa sukudireba ya ɗan caka sai ga ƙarfe yana zubowa ɓaro-ɓaro kamar ɓawon gyaɗa. Tsatsa ce ta cinye shi aka lulluɓe da fenti. A jihohin Amurka masu ƙanƙara irin su Ohayo da Mishigan gishiri suke watsawa a titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan shi ke cin ƙasan mota shekara da shekaru, kuma ba ƙaramar magana ba ce a can, a 2016 Toyota ta amince da sulhu na kusan dala biliyan 3.4 kan tsatsar casis a wasu Tacoma da Tundra da Sequoia, aka riƙa duba wa mutane ana canja musu. Mu a nan maganin tsatsa gwangwanin fenti ne.

Amma duk wannan ba shi ya sa nake rubutun nan ba, giyabos kuɗi ne, kuɗi kuma ana nema. Abin da ya tayar min da hankali ɗan yayata ne ya tono shi, yaro ɗan jami'a mai shegen son bincike. Ya ce kawu ba ni lambar casis ɗin, wadda ke jikin gilashin gaba ta ɓangaren direba, haruffa da lambobi 17. Ya shiga shafin hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ya zuba lambar, ko sisi ba a biya, ko minti ɗaya ba a yi ba sai ga shi ɓaro-ɓaro: an yi wa motar kiranye har biyu kuma ba a kai ta ko ɗaya ba. Kiranye dai kamar yadda ake yi wa sanata, kamfani ya gano akwai aibin da zai iya kashe mutum a abin da ya ƙera, doka ta tilasta masa ya aika wa duk mai motar takarda, ka kawo a gyara maka kyauta. Ɗaya a kan makunnin gilashin ƙofar direba ne, in ruwa ya shiga yana iya yin zafi har ya kama da wuta ko da mota a kashe take. Motar da nake ajiyewa a zaure, jikin tagar ɗakin yara.

Yaron bai tsaya nan ba, ya sa lambar a Google, sai ga hotunanta a wani shafin gwanjon motocin da inshora ta yafe. Ita ce, har ɗan tabon da ke jikin kujerar baya. Gaba ya lotse har lagireto, gilashi ya tarwatse, jakar iska ta sitiyari ta fashe tana reto kamar harshen kare. Tsohuwa dai ta yi coci mai zafi.

Nan na tuna ban taɓa ganin fitilar jakar iska ta kama ba. Don Allah duk mai mota ya gwada wannan yau, in ka murɗa makulli kafin ka tayar, fitilun dashbod duka suna kamawa na ɗan daƙiƙu su mutu, in ta jakar iska ba ta kama ko sau ɗaya ba to ba lafiya ce ta yi mata yawa ba, ko dai ta lalace ko rufe mata baki aka yi. Mai rewaya ya kwance dashbod a gabana, ga baƙin salatif an liƙe a kan fitilar daga ciki. Ya buɗe sitiyari, wayam, sai wani tsumma da aka cusa da ɗan ƙaramin abu da aka maƙala a wayar don kwamfutar mota ta ɗauka jakar tana nan. Shekara biyu ina tsala gudu a hanyar Kaduna da tsumma a gaban ƙirjina.

Abin dariyar kuma mai rewayan ya ce wai in gode wa Allah, wataƙila rashinta ya fi, don wasu jakunkunan na zamanin nan su ne ke kisa. Na ɗauka surutu ne irin na gareji sai da na karanta labarin Takata. Kamfanin Japan ne da ke yi wa kamfanonin mota da yawa jakar iska, suka yi amfani da ammonium nitrate, sinadarin da ake takin zamani da shi, a matsayin abin da ke hura jakar. In ya daɗe yana shan zafi da laima sai ya lalace, ran da aka yi karo ko ƙarami ne ya fashe da ƙarfin da ya wuce ƙima, gwangwanin ƙarfen ya tarwatse ya watso wa direba a fuska da wuya. A Amurka kaɗai jaka wajen miliyan 67 aka yi wa kiranye, mutum sama da 20 suka mutu a can, a Malesiya ma an rasa rayuka, kamfanin ya durƙushe a 2017. Kuma da aka faɗaɗa kiranyen a 2014 daga ina aka fara? Daga wurare masu zafi da laima irin su Fulorida da Hawayi, don nan abin ya fi saurin lalacewa. To ka auna da motar da ta yi watanni a bakin teku a Kwatano ko Legas, ta zo Kano ta sha ranar Afrilu da ke wuce 40, a rufe ruf a bakin kasuwa tun safe har la'asar. A 2023 Honda ta fito ta ce wasu tsofaffin motocinta da ba a canja wa jakar ba, ciki har da CR-V ta 2002 da Pilot ta 2003, kada ma a tuƙa su sam sai an gyara. Fita titi ka ƙirga irinsu nawa za su wuce ka kafin azahar, wa ya gaya wa masu su? Takardar tana can an jefa ta a akwatin gidan wani bature da ya rabu da motar tun shekara goma.

Wannan shi ne abin da ke ci min rai. Su can mota in ta kashe mutum ana zama a majalisa a kanta. A Agustan 2000 Firestone ta janye taya miliyan 6.5 saboda bayan tayar yana saɓulewa ana cikin gudu, jif ɗin Ford Explorer tana wuntsilawa, mutum sama da 200 suka mutu, har sabuwar doka aka yi a shekarar. A 2013 an yi wa tsofaffin Jeep Grand Cherokee da Liberty sama da miliyan ɗaya da rabi kiranye saboda tankin mai yana can baya, in an bugo ka ta baya wuta ce. Mu kuwa in jif ta wuntsila a hanyar Birnin Gwari sai a ce taya ce ta fashe, kwana ne ya ƙare, a yi jana'iza a watse. E na yarda kwana ya ƙare, ni ma musulmi ne, amma tayar nan an rubuta ranar haihuwarta a jikinta, lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara. Na duba nawa da aka shafe da mai suna ƙyalli, biyu daga ciki sun girmi ɗana na fari.

Na je wurin wakilan kamfanin a nan gida da takardar kiranyen a waya. Wata yarinya a kanta ta karɓe ni da fara'a, ta ce yallaɓai wannan ba ta hannunmu ta shigo ba, ta kasuwar Amurka ce, sai dai in za ka biya a yi maka odar kayan da dala. Na ce 'yata tambarin da ke jikin ginin nan ba shi ne a goshin motata ba? Ta ce haka ne yallaɓai amma tsarin ke nan. Ba laifinta ba ne, aiki aka sa ta, na yi godiya na fito ina huci ni kaɗai a rana.

Kuma kar wani ya ce min hukuma ba ta san da lambar casis ba. Tun 2022 da wannan lambar ake lissafa kuɗin fito a tashar ruwa, an san shekarar mota da ƙirarta tsaf in kuɗi za a karɓa. Lamba ɗaya ce fa, wadda ke nuna nawa za ka biya ita ce ke nuna motar tana da kiranye a kanta. A duba ɗaya a bar ɗaya. A hanya kuma a tare ka a tambayi abin kashe gobara da alwatika da takardar lafiyar mota, takardar da ni dai har gida aka kawo min ita ba wanda ya ko leƙa ƙasan motar.

Ni ma ban wanke kaina ba. Na tafi sayen mota da abokina wanda duk iliminsa na mota shi ne ya saurari inji ya ce "wannan shiru take", muka duba esi, muka duba rediyo, muka yi ciniki a kan dubu hamsin har da rantse-rantse, amma ba wanda ya ce a ɗaga ta a leƙa ƙasa. Minti ɗaya da data ta naira ɗari da sun ishe ni.

Da na koma wa dillalin da hotunan gwanjon ya kalla ya kalla, ya ce "Alhaji kowace mota da tarihinta, ai ba ni na buga ta ba, kuma an gyara." Na ce tsohuwar fa? Ya ce wace tsohuwa? Wallahi da ba don mutane sun shiga tsakani ba da yau wani labarin ake.

Yanzu dai na cire fis ɗin gilashi, gilashin ƙofar direba ba ya sauka, in zan biya kuɗi a geti sai na buɗe ƙofa. Motar ta koma kwana a waje nesa da taga, maman yara ta koma kujerar baya, fitilar jakar iska tana nan ja jawur tana kallona tun daga gida har ofis tunda na hana a mayar da salatif ɗin. Jiya na ce wa mai rewaya ina tunanin in sayar in huta, ko ɗagowa bai yi ba daga motar da yake yi, ya ce "Oga in ka samu mai saye ka kawo ta da safe in rufe fitilar, dubu biyu ne."